Giyar Atomatik: Ɗabi'un Tuƙin Da Ke Kashe Ta Kafin Lokacinta

A shekarun baya, motar ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa mai rufin asiri a Daura ba ta wuce Peugeot 504 ko 505, irin waɗanda ake haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Motoci ne masu kuloci, waɗanda direba ke sauya wa giya da hannunsa, kuma a kansu ne akasarin direbobin yankin suka koyi tuƙi, su kuma suka koya wa na bayansu.

Yau lamarin ya sauya. Duk wanda ya lura da motocin da ke cika kewayen Rijiyar Kusugu da ƙofar Fadar Sarkin Daura, musamman a lokutan hawan Sallah da bikin Gani, zai ga Corolla da Camry da Accord da Sienna ne suka fi yawa. Galibinsu an yi amfani da su a Amurka kafin a shigo da su, a can kuwa kusan kowace mota mai giyar atomatik ce. Zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a watan Disambar 2019, ya ƙara yawan ma'aikatan da ke zirga-zirga da irin waɗannan motoci tsakanin Daura da Katsina da Kano.

Motocin sun sauya, amma hannun da ke tuƙa su bai sauya ba. Dabarun da ba su cutar da mota mai kuloci, kamar sakin mota a firi, da tura ta don ta tashi, da ɗaure ta da igiya a ja, su ne ke cin giyar atomatik sannu a hankali. Bayan inji kuwa, babu wani sashe na mota da gyaransa ya kai na giya tsada, domin sau da yawa maganar kan ƙare ne da sayen wata dungurungum.

Yadda take aiki

Giyar atomatik ba sabon abu ba ce. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fito da ita kasuwa da yawa a motocin Oldsmobile na 1940, kuma har yau tushen aikinta ɗaya ne: komai nata da mai yake tafiya.

A wurin da kuloci yake zama a tsohuwar mota, atomatik tana da wata tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda kanikawa ke kira kwanbata. A cikinta akwai fankoki biyu da ke fuskantar juna. Inji ne ke juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya giya. Shi ya sa mota ke iya tsayawa cak tana cikin giya ba tare da inji ya mutu ba, domin mai ne tsakaninsu, ba ƙarfe da ƙarfe ba.

A cikin akwatin giyar kuma akwai jerin faya-fayai masu siririn shafe a jikinsu, waɗanda aka fi sani da faiba. Matsin mai ne ke manne su ko ya sake su, ta haka giya ke sauyawa daga ɗaya zuwa biyu zuwa sama, bisa umarnin kwamfutar mota. Famfon da ke samar da wannan matsi kuwa inji ne ke juya shi. Idan inji ya mutu, famfo ya tsaya.

Ke nan man giya ayyuka uku yake yi a lokaci guda: shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa tayoyi, shi ne ke hana ƙarafa gogar juna, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai shi lagireto a sanyaya. Duk abin da ya hana wannan mai zagayawa, ko ya sa shi ya yi zafi fiye da kima, ko ya gurɓata shi, to giyar yake kashewa. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai gane dalilin duk sauran.

Abin da haruffan ke nufi

P na ajiye mota ne bayan ta tsaya cak. R ribas ne. N firi ne, wato an raba inji da tayoyi. D kuwa na tafiya gaba ne, inda mota ke zaɓar giya da kanta.

Sauran alamomin ne mutane da yawa ba su taɓa amfani da su ba. L ko 1 na tsare mota a giya ta ɗaya, 2 kuma ba ya barin ta wuce ta biyu, haka 3 ba ya barin ta wuce ta uku. Amfaninsu shi ne a cikin yashi ko laka, ko wajen hawa da sauka da kaya mai nauyi. Wasu tsofaffin Toyota suna da ɗan maɓalli a jikin sandar giya mai alamar O/D. Idan aka danna shi, fitilar O/D OFF ta kama, mota ba za ta shiga giyarta ta ƙarshe ba. Wanda ya bar shi a haka ya kama hanyar Kano ta Kazaure zai ji inji na ta kuka, fetur kuma na zurarewa ba dalili. Sababbin motoci kuma suna da S ko M tare da alamar ƙari da ragi, don direba ya sauya giya da kansa idan buƙata ta taso.

Firi ba ya rage shan fetur

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ya dawo da tsohuwar dabarar direbobin haya: a taka mota ta ɗauki gudu, sannan a mayar da ita firi ta yi ta gangarawa. Shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Daura zuwa Katsina ta Mashi, mai kimanin kilomita 80, tana ƙara kwaɗaitar da direba yin haka.

Dabarar ta samo asali ne daga zamanin motoci masu kafireto. Motar zamani kwamfuta ce ke ba ta fetur. Idan tana gudu a D direba ya ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar kan yanke fetur gaba ɗaya, saboda tayoyi ne ke juya inji a lokacin. A firi kuwa dole a ci gaba da ba inji fetur don kada ya mutu. Ashe mai sakin mota a firi asara yake yi a inda yake zaton riba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. A firi inji na juyawa a hankali, famfon mai ma haka, alhali ƙarafan cikin giya na juyawa da gudun tayoyi. Idan kuma aka mayar da sanda D ana cikin gudu, faiba ce ke shan bugun haɗa gudun inji da na tayoyi. Sannan mota a firi ba ta samun taimakon inji wajen rage gudu, nauyin duka ya koma kan birki, kuma idan dabba ko mai babur ya faɗo titi, direba ba shi da damar taka totur ya kauce.

Mafi muni shi ne kashe inji ana cikin tafiya. Famfon giya zai tsaya, sitiyari ya yi tauri, birki ya ƙare da taki ɗaya ko biyu, a wasu motocin ma sitiyarin kan iya kullewa idan makulli ya koma ƙarshe. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ribas da fakin a lungunan cikin gari

Hanyoyin tsohon gari, irin na unguwar Kusugu da kewayen fada, an tsara su ne tun kafin zuwan mota. Juya mota a cikinsu kan buƙaci a yi gaba a yi baya sau biyu ko uku, ga babura na matsa wa direba da ham. A irin wannan hanzari ne mutum ke jefa sanda daga R zuwa D alhali motar ba ta gama tsayawa ba. Abin da ya yi a nan shi ne ya sa faiba ta yi aikin birki: ta tsayar da mota mai nauyin fiye da tan ɗaya, sannan ta tura ta wani ɓangaren. Takalmin birki abu ne mai araha da ake sauyawa cikin sa'a guda, faiba kuwa sai an sauke giya an buɗe ta. Ƙa'idar ita ce a taka birki mota ta tsaya cak, a sauya, a ɗan saurara har a ji giyar ta kama, sannan a taka totur.

Haka batun P yake. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce girman yatsa ba, wanda ke faɗawa cikin haƙoran wani faifai ya kulle shi. Idan aka sa P mota na motsi, ƙarfen zai yi ta karo da haƙoran, yana iya lanƙwashewa ko ya karye. Idan kuma aka ajiye mota a wuri mai gangara, kamar ƙofar gidan da aka ɗaga saboda ruwa, aka dogara da P kaɗai, nauyin motar duka a kansa zai sauka. Wannan ne ke jawo ƙarar nan mai kama da bugun guduma idan aka zo fitar da sanda daga P. Tsarin da ya dace shi ne: a taka birki, a ja birkin hannu, a bar nauyin mota ya zauna a kansa, sannan a sa P. Wajen tashi kuma a taka birki, a sa giya, sannan a saki birkin hannu.

A tsayuwa ta ɗan lokaci, kamar a shingen jami'an tsaro ko a mahaɗar hanya, barin mota a D da ƙafa a kan birki ba ya cutar da ita. Idan tsayuwar za ta yi tsawo, kamar layin gidan mai ko cunkoson ranar hawa, sai a sa N a ja birkin hannu, ko a sa P. Abin da ba ya kyau shi ne riƙe mota da totur a kan tudu, ko ɗora ƙafar hagu a birki ta dama na kan totur. Atomatik da ƙafar dama kaɗai ake tuƙa ta. Haka nan a guji ba inji wuta a N sannan a jefa D yana kuka.

Ba a tura ta, ba a ja ta da igiya

Idan batir ya mutu, abin da aka saba shi ne a kira matasa su tura mota. A atomatik wahalar banza ce, domin muddin inji bai tashi ba babu matsin man da zai haɗa tayoyi da inji. Maganin shi ne a jona wayoyi da wani batir, ko a ari wani a tayar da ita.

Ja da igiya ya fi haka haɗari. Motar da ta lalace a Sandamu ko Zango aka ɗaure ta aka ja har Daura, ƙarafan giyarta sun yi ta juyawa ke nan tsawon tafiyar ba tare da mai na zagayawa ba, ko da kuwa tana N. Mai motar da matsalarsa ba ta wuce famfon fetur ba sai ya wayi gari da matsalar giya. Abin da ya fi shi ne a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, ko a ɗaga tayoyin da ke ja, wato na gaba a Corolla da Camry da Accord. Mai jan ƙafa huɗu kuwa sai an ɗauke ta gaba ɗaya. Idan ya zama dole a matsar da mota daga tsakiyar titi kuma sanda ta ƙi fita daga P, akwai ɗan rami ko maɓalli kusa da sandar da ake dannawa ta saku.

Yashi, lodi da zafin bazara

Ƙasar Daura ƙasar rairayi ce. Da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyukan Baure ko Mai'aduwa, ko wasu sababbin unguwanni na bayan gari, kafewar mota abu ne da aka saba gani. Direba kan shiga jefa sanda tsakanin D da R da sauri yana taka totur, tayoyi na tono. Mintuna kaɗan na wannan sun isa su dafa man giya. Abin yi shi ne a shiga yashi da L ko 2 da gudu madaidaici ba tare da tsayawa ba. Idan ta kafe, a tsaya, a tone gaban tayoyi, a shimfiɗa itace ko kara, a ɗan rage iskar taya, a nemi masu turawa. Idan an gwada sau biyu ko uku ba ta fita ba, a bar inji na aiki a P giya ta huce.

Lodi ma haka yake. Ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci, ba wuya a ga ƙaramar mota ta ɗauko buhunan hatsi har bayanta ya zauna. Yawancin ƙananan motoci ba a yi su don ɗaukar abin da ya wuce kilo 400 zuwa 500 ba, har da nauyin mutanen ciki, kuma adadin na rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Buhu huɗu masu kilo ɗari-ɗari da direba sun cinye wannan adadi. Idan mota mai kaya ta riƙa hawa da sauka tsakanin giya biyu, a tsare ta a 3 ko a kashe O/D har a wuce wurin.

Man giya ya fi son zafin da ke tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos, idan ya haura 120 kuma yakan fara ƙonewa da sauri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari kansa ke wuce digiri 40, tazarar ba ta da yawa. Tunda lagireto ɗaya ne ke sanyaya inji da man giya a yawancin motoci, duk motar da injinta ke zafi giyarta ma na dahuwa. Fankar da ba ta aiki, da lagireton da ƙurar hunturu ta toshe, da zuba ruwan rijiya zalla maimakon ruwan sanyaya inji, duk suna ƙarewa ne a kan giya.

Da damina kuma, akwatin giya yana da ƙaramar kafar shaƙar iska a samansa. Idan aka kutsa cikin ruwan da ya kai tsakiyar taya ko ya wuce, yana iya shiga ta nan, ruwa kuwa yana ɓamɓare shafen faiba. Duk motar da ta ratsa ruwa mai zurfi a duba manta kafin a ci gaba da hawa.

Ba kowane jan mai ne man giya ba

Kuskuren da ya fi yawa a gareji shi ne ɗaukar man giya duk iri ɗaya ne tunda launinsa ja ne. Kowane kamfani da irin nasa. Tsofaffin Toyota na amfani da T-IV, na baya-bayan nan kuma WS. Honda na da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Dexron na General Motors ne, Mercon kuma na Ford. Sunan wanda ya dace kan kasance a jikin gejin mai ko a littafin mota.

Akwai kuma wani nau'in atomatik da ake kira CVT, wanda ba shi da giya ɗaya, biyu, uku, sai bel na ƙarfe da ke gudana tsakanin gargare biyu. Shi ne a yawancin motocin Nissan na wannan zamani, da akasarin Corolla 'yar Amurka daga 2014, da Accord mai silinda huɗu daga 2013. Mansa daban ne: NS-2 ko NS-3 a Nissan, HCF-2 a Honda. Zuba masa man atomatik na gama-gari kan sa bel ɗin ya riƙa zamewa har ya lalace. Araha ba ta ado, kuma jabun mai ya yi yawa a kasuwa, don haka a saya a wurin amintaccen dila, a tabbatar murfin robar ba a taɓa buɗe shi ba, a kuma tsaya a ga an zuba.

Awon man ma da ƙa'idarsa. A motocin Toyota masu geji, ana auna shi ne a wuri mai daidai, inji ya yi ɗumi kuma yana aiki, sanda na P. A Honda kuwa ana kashe inji ne a auna nan take. Ƙarancin mai na sa giya zamewa, yawansa kuma na sa shi kumfa. Sababbin motoci da yawa ba su da geji, sai bakaniken da ya san aikin ya auna ta ƙasa. Man atomatik na gama-gari mai lafiya ja ne garau. Idan ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna faiba ta fara ci, idan kuma ya yi kamar an zuba masa madara to ruwa ya shiga.

Game da lokacin sauyawa, littattafan kamfanoni suna da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai tsanani, wato zafi da ƙura da kaya. Na biyun ne ya dace da yankin Daura. A kuma lura cewa agogon motar da ta fito daga Amurka da mil yake ƙirga, ba da kilomita ba. Mil 60,000 ya haura kilomita 96,000.

Alamomin da ba a yi wa jinkiri

Giya ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, takan yi gargaɗi. Daga ciki akwai jinkiri kafin mota ta motsa bayan an sa D ko R, da fizga wajen sauyawa, da inji ya yi ta kuka gudu bai ƙaru ba, da ɗigon jan mai a inda mota ta kwana. Fitilar D kan riƙa ƙyaftawa a Honda, ta O/D OFF kuma a tsofaffin Toyota. Wani lokaci kwamfuta kan tsare mota a giya ɗaya ta hana ta sauyawa, don kare ta har a isa gareji.

A nan mataki na farko shi ne a sa na'urar bincike ta karanta abin da kwamfutar ta adana, kafin a yarda a sauke giya. Sau da yawa laifin na wata ƙaramar na'urar auna gudu ne, ko wayar da ta tsinke, ko ƙarancin mai, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ba kowane bakaniken inji ne ya iya giyar atomatik ba, kuma tambayar ƙwararre kafin a kwance ƙusa ko ɗaya ba ɓata lokaci ba ne.

Mai shirin sayen mota ma ya gwada ta da safe tun inji na da sanyi, ya sake gwadawa bayan ta yi zafi, ya hau kwalta har ta shiga giyarta ta ƙarshe, ya duba launin mai da warinsa. Wanda kuma zai miƙa makulli ga direba, ko ɗa, ko ƙanin da ya koyi tuƙi a mota mai kuloci, ya zaunar da shi ya faɗa masa abubuwa huɗu tun kafin ya tayar da ita: ba a sauya giya sai mota ta tsaya, ba a sakin ta a firi, birkin hannu kafin P, kuma idan ta mutu a hanya a kira mai ita kafin a nemo igiya.